Faɗi-Ka-Mutu: Daga Matoyar Ƙasar Sin Zuwa Jeren Kakanninmu

Kamar yadda muka saba, wannan shi ne shirin a rubuce, saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro, da waɗanda suka fi son su karanta a nitse. Yau tarihin kwano za mu yi. E, kwano dai da kuka sani. Kafin wani ya ja allon wayarsa ya wuce, ya ɗan tsaya ya ji wannan.

A shekarar 2007 wasu mutane a jihar New York ta Amurka suka je irin cinikin nan da mutum yake baje tarkacen gidansa a ƙofar gida yana sayarwa. Suka ɗauki wani ɗan farin kwano na tangaran, faɗin bakinsa kamar inci biyar, suka biya dala uku, suka kai falo suka ajiye. Bayan wasu shekaru suka nuna wa masana. A watan Maris na 2013 kamfanin Sotheby's ya sa kwanon a gwanjo, gwanjo na wa-ya-fi-tayi fa, ba namu na Ƙofar Wambai ba, wani dillalin kayan tarihi na Landan mai suna Giuseppe Eskenazi ya saye shi a kan dala miliyan 2.2. Kwanon ya doshi shekara dubu a duniya. Fari ne, ba fenti ko ɗigo a jikinsa, sai zanen ganye da fure da aka yanka da wuƙa tun yumɓun bai gama bushewa ba.

Na san abin da ya faɗo wa wasu a rai: bari in je in binciko kabad ɗin Hajiya. A dakata tukuna. Za mu je kabad ɗin Hajiya, can ma shirin ya nufa, amma abin da ke ciki ba dala ba ne.

Mu fara da abin kansa. Tukunyarmu da randarmu da jan yumɓu ake gina su, a gasa a fili da kara da ciyawa, zafin wutar ba ya kaiwa digiri dubu. Shi ya sa jikin randa yake tsattsafo, shi ya sa ma take sanyaya ruwa, wannan kuma hikima ce mai zaman kanta. Tangaran daban ne. Farar ƙasa ake samu, a haɗa da garin wani dutse, a tace, a gina abu sirit, a shafa masa wani ruwa da yake komawa gilashi in ya sha wuta, sannan a rufe shi a matoya a hura har zafi ya kai wajen digiri 1,300. A nan ƙasar take narkewa ta haɗe. In ya fito, ruwa ba ya ratsa shi, in ka ƙwanƙwasa ya yi ƙara kamar ƙararrawa, in ka ɗaga mai siririn jiki a rana ka hango inuwar yatsunka. Sunan da duniya take kiran farar ƙasar da shi, kaolin, daga wani ƙauye ne mai suna Gaoling kusa da birnin Jingdezhen. Mutanen Sin sun gano wannan aiki fiye da shekara dubu kafin Turawa su iya shi.

Kwanon nan na dala uku, daga matoyar Ding ya fito, a gundumar Quyang ta lardin Hebei a arewacin Sin, zamanin daular Song ta Arewa, wadda ta yi mulki daga 960 zuwa 1127. Ina son mu ɗan daɗe a nan, don aikin mutanen Ding abin a tsaya a kalla ne. Farinsu ba irin farin takarda ba ne, ya fi kama da hauren giwa, saboda da kwal suke hura matoyarsu. Mai zane yakan riƙe tulu ko kwano yana da sauran danshi, ya karkata bakin wuƙa, ya ja layi ɗaya ya zama ganyen bado, ya sake ja ya zama agwagwa ko kifi. Babu gogewa, babu gyara. In hannu ya yi gardama, kwano ya lalace ke nan. Da aka shafa ruwan gilashin, sai ya taru a cikin yankan ya ɗan yi duhu, zanen ya fito ba tare da an sa launi ba. Wani wurin ruwan yakan gangaro ya daskare kamar zubar hawaye, har masu tara kayan suke ce masa hawaye, suna kuma neman sa a matsayin shaidar cewa kayan na asali ne.

Suna da wata dabara kuma ta tattalin wuta. Maimakon a jera kwanuka a zaune, sai a kife su a kan bakinsu, hawa-hawa, matoya ɗaya ta ɗauki ninkin abin da take ɗauka. Illar ita ce bakin kwanon ba ya samun shafe, yana fitowa da kaushi, sai a yi masa baki da tagulla ko azurfa, na manya ma da zinare. Marubutan Sin na baya sun ce wannan kaushin bakin ne ya sa fada ta juya wa kayan Ding baya ta koma wa wata matoya. Kun ga yayi ba a Kano aka fara shi ba.

A 1127 mayaƙan Jin suka ci babban birnin Kaifeng, fada ta gudu kudu. A kudun kuwa, yankin Jingdezhen ya riga ya yi nisa da wani farin tangaran mai ɗan shuɗi-shuɗi da ake kira qingbai, shi ma ana yi masa irin wannan zanen yanka. Ku riƙe wannan sunan, zai dawo.

Cikin waɗanda suka fara haukacewa a kan farin tangaran a wajen Sin akwai Musulmi. A wani littafin Larabci na labarin Sin da Indiya da aka rubuta a 851, wanda ake jingina wa wani fatake mai suna Sulaiman, an ba da labarin cewa mutanen Sin suna da wani yumɓu da suke yin kofuna da shi masu siranta kamar gilashi, har ana hango ruwa ta jikinsu. A 1998 masu ninƙaya suka gano wani jirgin ruwa da ya nutse kusa da tsibirin Belitung a Indonesiya wajen shekarar 830. Ƙirar Larabawa ce, katakonsa ɗinke da igiya ba ƙusa, cike da kayan yumɓu na Sin wajen guda 60,000, ciki har da fararen kofuna na matoyar Xing, wadda ta riga Ding yin suna. Jirgi ɗaya ke nan fa, wanda bai isa ba. Magina tukwanen Basra a Iraƙi da suka ga farin nan ya cinye kasuwa, ba su da farar ƙasar ba su da wutar, sai suka ƙirƙiro nasu shafen da kuza, ya rufe jikin yumɓu ya yi fari fat. Wato jabun kayan Sin, mu ma mun yi shi tun tuni. Yau ga yadda reshe ya juye. A 1171 da Salahuddin al-Ayyubi zai aika wa Nuruddin kyauta zuwa Sham, har da tangaran na Sin guda arba'in a ciki.

Turawa sun daɗe suna saye ba su san yadda ake yi ba, sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus. Sarkin da ya kafa ta, Augustus na Saxony, son tangaran ya kai shi har a 1717 ya ba sarkin Prussia sojan doki 600 a musayar tuluna da kwanukan Sin 151. Mutane ɗari shida, da iyayensu da 'ya'yansu, a kan kayan ado. Mu bar su nan.

Afirka fa? A gabar gabas abin a bayyane yake, don jirgin ruwa yana zuwa har ƙofar gida. A Kilwa ta Tanzaniya da Gedi ta Kenya an tono tsingaron tangaran na Sin ba adadi. Mutanen Sawahili har kafa kwanukan suke yi a jikin ginin kaburburan manyansu da bangon masallatai, a gidajen Lamu kuma akan yi wa bango 'yan tagogi-tagogi a jera su a ciki. Jere ke nan, in ka cire bambancin harshe.

Mu nan yamma, tsakaninmu da kasuwar duniya akwai Sahara, kuma raƙumi ne motar. Ibn Battuta wata biyu ya yi daga Sijilmasa zuwa Walata a 1352. Ku auna: kullum a ɗaura kaya da asuba, a sauke da dare, wata biyu cur. Tufafi za su jure, takarda za ta jure, duwatsun wuya da sandunan tagulla za su jure. Kwanon da inuwar yatsa take ratsawa fa? Duk da haka wani ya gwada, kuma ya iso da shi. Wajen 2005 wani masanin tone-tonen tarihi mai suna Sam Nixon ya yi haƙa a kufan Essouk-Tadmakka, tsohon zangon fatake a arewa maso gabashin Mali, yankin Kidal. Cikin abin da ya samu har da ɗan ƙaramin tsingaron qingbai na zamanin Song. Guntun nan ya taso daga kudancin Sin, ya ratsa teku, ya bi ta hannun dillalai Allah kaɗai ya san nawa, ya hau raƙumi, ya zo ya mutu a gidan wani attajiri a bakin hamada. A 2019 an nuna shi a wani baje kolin tarihin cinikin Sahara a jami'ar Northwestern kusa da Chicago. Ni a wurina wannan guntun ya fi kwanon dala miliyan biyu labari.

Shi Ibn Battutan ma ya haɗa mana gefe biyun da ƙafarsa. Ya je Sin ya bayyana yadda ake yin tangaran a biranen gaɓar tekunsu, ya ce har ƙasarsu ta Magrib ake kai shi. Bayan 'yan shekaru, a 1353, ga shi a Takedda, yammacin Agadas a Nijar ta yau, yana ba da labarin tagullar da ake haƙa a can ana kai wa Gobir da Borno. A wannan bayanin nasa na biyu amsarmu take. Kayan alfarmar ƙasar Hausa na wancan zamani ƙarfe ne. A Durɓi ta Kusheyi kusa da Mani a jihar Katsina, inda aka tono kaburburan manya a 1907 aka sake tonowa a 1992, an samu zinare da wuri da mundaye da tasoshin ƙarfe, ciki har da waɗanda masana suke ganin daga ƙasashen Musulmi na gabas suka zo. Tasa in ta faɗo daga bayan raƙumi sai dai ta lotsa, maƙeri ya buga ta ta miƙe. Da tangaran ya zo ya yawaita daga baya, Bahaushe ya dube shi sau ɗaya ya raɗa masa suna faɗi-ka-mutu. Duk bayanin da na yi ta yi na raƙumi da hamada, wannan sunan ya riga ni.

To haka ɗakin mace ya kasance tsawon ƙarnoni: ƙorai masu zane, da akussa, da faya-fayi, mai hali kuma ta sa tasoshi, na Bida ko na maƙeran gida ko waɗanda fatake suka kawo Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499. Farin kwano mai ƙyalli kuwa abin fada ne. Hugh Clapperton, Baturen da ya zo Kano ya wuce Sakkwato a 1824, ya rubuta cewa abincin da ake aiko masa daga gidan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a farantan ƙarfe masu hatimin Landan yake zuwa, wata rana ma aka kawo masa nama a cikin farin kwanon wanke hannu ƙirar Ingila. Shi abin ya ba shi mamaki don a garinsu na wanke hannu ne. A Sakkwato kuwa baƙon kwano ne mai tsada, aka fito da shi don girmama baƙo. In kuma kun taɓa shiga tsofaffin soraye na cikin gari kun ɗaga kai, za ku ga inda bakan gizo suka haɗu a tsakiyar rufi an kafa tasa ko faranti. Abin da ya yi nisan tafiya, sama ake kai shi.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, komai ya canza. Abin da raƙumi yake tsoro, tarago ba ya tsoro. Gyaɗa tana tafiya Legas, kaya suna dawowa kantunan John Holt da su CFAO da UAC. A cikin kayan nan ne wani sabon kwano ya shigo, wanda shi ne ainihin jarumin labarinmu: kwano mai fenti, kwalla da langa da fanteka da 'yan uwansu. Mutane da yawa suna ɗauka fenti ne irin na bango. A'a. Ƙarfe ne ake shafa wa garin gilashi a sa a wuta ya narke ya manne. Wato fatar tangaran ce a jikin tasa. Ƙyallin faɗi-ka-mutu, amma in ya faɗi ba ya mutuwa, sai dai ya ɗan ɓantare. Abin da matan ƙasar nan suke jira ke nan tun zamanin raƙumi ba su sani ba.

Da farko daga Turai yake zuwa, irin su Cekoslobakiya, da kuma Japan. Bayan yaƙin duniya na biyu sai wasu masu masana'antar kwano na Shanghai suka koma Hong Kong, suka ga Afirka ta Yamma ce babbar kasuwarsu. Da Najeriya ta doshi 'yancin kai ta tsaurara haraji a kan kayan waje, maimakon su bar kasuwar sai suka tattaro injinansu suka biyo ta. A shekarun 1960 ga masana'antun kwano na mutanen Hong Kong a Legas, ga su a Kano. Iyalan Tung suka kafu a Legas, iyalan Lee suka kafu a nan Kano, inda har yau kamfanoninsu suke. Lokacin ne kuma Cha Chi Ming ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, 1964. Ku lura, gwamnatin Najeriya ba ta ƙulla hulɗar jakadanci da Beijing ba sai 1971. Kwalla ta riga jakada isowa.

Wanda bai ga jere na gaske ba, ya tambayi mahaifiyarsa. Ana gobe kai amarya, gwaggonni da innoni su tafi gidan da kaya. A kafa gado mai rumfa. A ɗauko kwalla saiti-saiti, babba a ƙasa, ƙarama a kai, ƙarama a kai, har su kusa taɓa rufi, layi bayan layi, bango guda ya ɓace. A goge tasoshi da toka da lemon tsami sai sun ɗauki ido. Washegari mata su zo ganin ɗaki, suna barka da baki suna ƙirga da ido. Yawancin kwanukan nan ba a taɓa zuba musu tuwo ba, kuma wannan ne abin da 'yan boko na lokacin da Turawan da suka gani suka kasa ganewa, suka ce almubazzaranci ne. Ni ban yarda ba. Matar da take cikin kulle, ba ta da asusun banki, ba ta zuwa kasuwa, tana ƙuli-ƙuli ko ɗinkin hula ko sakar taliya, ina za ta ajiye ribarta? Kuɗi a ƙarƙashin katifa, miji zai ranta, ɗan uwa zai roƙa, tsada za ta cinye. Ta ɗauki adashi ta sayi kwalla. Ta kafa ta a inda kowa yake gani, kowa ya san tata ce, in aure ya mutu da ita za ta fita. In ciwo ya zo ta ba dillaliya saiti ɗaya. In 'ya ta isa aure ta rage bango ta ba ta. An canza fam zuwa naira a 1973, an canza launin kuɗi a 1984 mutane suka kwana a layin banki, kwalla tana nan a inda take. Mu da muka sha wahalar canjin kuɗi na 2023 da wayoyinmu a hannu, bai kamata mu yi wa matan nan dariya ba.

Amma kada mu shafa wa tarihin zuma. Bangon nan yana da farashi, kuma sau da yawa yarinya ce ta biya. Enid Schildkrout, wata mai binciken zamantakewa da ta zauna a cikin birnin Kano a shekarun 1970, ta rubuta yadda tallar 'yan mata take ɗaure da tara kayan ɗaki. Uwa tana ciki tana dafawa, 'ya tana waje da tire a ka, ribar tana tafiya kwano. Duk langa guda a wasu ɗakunan, wata safiya ce da yarinya ba ta je makaranta ba. Kuma gori bai ragu ba har yau, kaya kawai aka canza. Kwalla ta ba samira hanya, samira ta ba tangaran na cikin kabad mai gilashi hanya, aka zo yayin kuloli, yanzu kuma kicin ake zuwa gani, ana ɗauka a waya ana ɗorawa a TikTok. Uban da albashinsa bai kai buhun shinkafa biyu ba yana cin bashi don kada a ce da 'yarsa ba ta zo da komai ba. Wannan shiri ne na wata rana, kuma za mu yi shi.

Yanzu mu dawo unguwa. Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Hausawa da Unguwa Uku, yawancin gidajenmu na mutanen da suka fito daga cikin ganuwa ne ko suka taso daga garuruwa, gari yana faɗaɗa suna biyo shi. Iyayenmu mata da kayansu suka zo. Sai dai ɗakin bulo mai tayil da labule har ƙasa ba shi da wurin jere. Kwalla ta sauka daga bango ta shiga ƙarƙashin gado, daga nan sito, daga nan bayan gida ana jiƙa wanki ko ana ba kaji ruwa. A daidai lokacin, ka bi Court Road ko Zoo Road ko ka shiga kasuwar Tarauni, ga fararen farantai da kofuna da dogayen tulunan fure na tangaran, wasu har da zanen yanka a jiki irin na mutanen Ding. Ka juya gindinsu ka karanta. 'Yan kasuwarmu ne suke zuwa Guangzhou da Yiwu su yi lodin kwantena. Abin da Salahuddin ya ƙirga guda arba'in ya aika wa sarki, yau dozin-dozin ake saya wa amarya. Bayan shekara dubu faɗi-ka-mutu ya iso Kano lafiya lau, a cikin kwali da soso.

A nan zan ja kunne. Duk wanda ya zo maka da farin tulu ya ce na daular kaza ne, an samo shi a gidan wani tsohon attajiri, ka kawo kuɗi a fitar da shi waje ku raba miliyoyi, ka riƙe aljihunka. A Jingdezhen har gobe ana ƙera sababbin tuluna da hatimin tsofaffin sarakuna a gindi, a shafa musu ƙasa su yi kamar sun tsufa. Waɗanda aka taɓa ruɗa da labarin tsohon dutsen guga na gawayi da keken ɗinki mai sinadarin miliyoyi a ciki sun san yadda wasan yake ƙarewa.

Asarar da take damuna ta gaske ce, kuma kullum ake yin ta. A layinmu na Gyaɗi-Gyaɗi wata tsohuwa ta rasu, Allah ya jiƙanta. Bayan an yi arba'in aka raba gado, aka zo kan kayan ɗakinta, babu mai so. Jikokinta suka kira ɗan gwangwan. Ina tsaye ya take tasoshin da ƙafa don su shiga buhu, ya rataya a sikeli, ya biya kuɗin kilo. Kwallayen ma cewa ya yi ƙarfensu ba nauyi, sai dai ya haɗa musu da bokitin roba. A cikin tasoshin nan akwai wadda aka ce tun daga kakar marigayiyar ta taso. Ba na zargin yaran, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa abin yana da wata daraja da ta wuce nauyinsa. A makaranta an koya mana sunayen sarakuna da shekarun yaƙe-yaƙe. Matan gari kuwa ba su bar kundi ba, abin da suka bari ke nan, shi ne kuma yake tafiya a narke.

Ku kwatanta. Mutanen Sin sun tono matoyar Ding, sun san wane ƙauye, wane ƙarni, wane irin makamashi. Tarihin kwallar Kano ma, wanda ya zo ya zauna da 'yan kasuwa da tsofaffi ya yi musu tambayoyi ya rubuta, wani masanin tarihi ne ɗan ƙasar Sin mai suna Shaonan Liu, ya wallafa bincikensa a 2020. Madalla da shi, ya yi aiki. Amma muna da sashen tarihi a jami'o'inmu, muna da Gidan Makama, muna da Gidan Ɗan Hausa, kuma kowannenmu yana da kaka ko gwaggo. Farar ƙasar ma muna da ita, ga ta jibge a Ƙanƙara ta jihar Katsina da Alkaleri ta Bauci. Hannun ma an taɓa samu: Ladi Kwali, matar da ke bayan naira ashirin, ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, tana yanka zanen ƙadangare da kifi a jikin tulu da hannu, a shafe a gasa da babbar wuta, aikinta ya zaga Turai da Amurka. Mu kuma muna kashe ashirin ɗin ba mu taɓa juya ta mun duba ba.

Don haka ga aikin wannan makon, ba ya cin ko sisi. Wanda yake da tsohuwar kwalla ko tasa ko faranti a gida, ya juya gindinta ya ɗauki hoton hatimin, don a nan ake ganin ƙasa ko kamfanin da ya yi ta. Sannan ya zauna da mai ita, ya kunna rikoda a waya, ya ce: Hajiya, wannan wa ya saya miki? A wace kasuwa? Nawa? Da kuɗin wace sana'a? Bikin wa aka fara jera ta? Ya kuma tambayi sunanta, don yadda atamfa take da suna haka kwanuka suke da suna, kowane zane da yayinsa. Ku turo mana hotunan da sunayen, da unguwa da kimanin shekarar auren, ban da sunan mai kayan sai in ta yarda. In sun taru za mu karanto su a shiri.

Sai mun haɗu a na gaba. Wassalamu alaikum.